Hannun Pechiyammal a Farantin Shinkafa

Litinin, 17 ga Oktoba
Pechiyammal mai sharar layinmu ta tare ni a bakin famfo. Wai ranar Alhamis, ranar bikin fara karatu a al'adarmu, in an kawo yara in kama yatsansu su rubuta harafin farko a farantin shinkafa, a sa da ita. Tsohuwa mai shekara sittin! Na yi dariya. Ta ce, "Malam, dariya kake? Ina 'yar shekara biyar aka koro ni daga ƙofar makaranta, wai ba a taɓa hannun irinmu. Kai ne kullum a lasifika, duk ɗaya muke, duk ɗaya muke. To ga hannun."
Na ce ta zo. Me zan ce?

Talata, 18 ga Oktoba
Yaya Kamatchi ta ji labari. Tun rasuwar matata ita ke mulkin gidan nan. "Shinkafar rubutu dafawa ake a ci. Wadda waccan ta taɓa ba za ta shiga tukunyata ba." Na yi mata wa'azin rabin awa. Ta ce in kai surutuna dandali.

Laraba, 19 ga Oktoba
Shekara talatin ina koyar da harshenmu na Tamil. Sau biyu 'yan sanda na kwashe ni kan zanga-zangar adawa da kofunan da masu shayi ke ware wa mutanen Pechiyammal. Yau na lura da kofin da ke rataye a bayan gidana, mai lanƙwasasshen baki. Nata ne. Ban taɓa tambaya ba. Kunya kamar in nutse.

Alhamis, 20 ga Oktoba
Yara tara, sai ita sanye da sabon zanen sari kore. Da ta miƙo hannu, nawa ya tsaya. Daƙiƙa ɗaya ce, amma ta gani.
"Ba ya cizo, Malam."
Na kama. Kaushi kamar ɓawon kwakwa. Muka ja harafin tare. Ta ce, "Shi ke nan? Wannan ɗan abin aka hana ni?" Sai kuka. Ni kuwa hayaƙin turare ne ya shiga mini ido.

Juma'a, 21 ga Oktoba
Da kaina na dafa shinkafar. Ta caɓe, ta kama. Yaya ta fizge ludayin, wai ba za a wulaƙanta abinci a gabanta ba. Ta zuba madara da mazarƙwaila. Na ga ta ɗanɗana.

Asabar, 22 ga Oktoba
Yaya ta kawo mini shayin safe a kofi mai lanƙwasasshen baki. Na gane shi. Na ɗan tsaya, amma bai kai na ranar Alhamis ba. Na shanye.
Pechiyammal na zuwa ƙarfe huɗu. Harafi na biyu.