Tagulla ba ta jira

Garhanga, daren Laraba

Yau sai da na hau tudun bayan gari na samu rezon waya. Na tarar da saƙon farfesa: Litinin ce ranata a babban mikroskop, na'urar ganin ƙananan abubuwa ta jami'a, in ban koma ba a ba wani. Tun bara nake bin layi.

Fallen tagullar da na shirya ko kusa bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Atom, wato ƙwayoyin zarra, na cikinsa sun jeru gungu-gungu, kowane gungu da inda ya fuskanta. Aikina duka a kan iyakar da gungu biyu suka haɗu yake: yaya atom ke zama a wurin, me ya sa lantarki ke cijewa can. To iyakokin nan da kansu suke gusawa, ko a rufe cikin akwati. Ina nan zaune, abin da zan duba yana sākewa.

Baba har yanzu ɓarin hagunsa bai motsi. Ni ke ba shi hura da cokali, don hannun Inna rawa yake. Da la'asar ya dubi fuskata ya ce mi ya faru, na gaya mishi.

"Tahi, ɗiyata," ya ce, baki a karkace. "Karatu bai jiran tsoho."

Yana faɗi, hannunsa mai lafiya na riƙe da bakin zanena. Har barci ya ɗauke shi bai saki ba.

Motar zuwa Keita da asuba take tashi. Na ɗauko jakata, na kasa sa komai ciki. Allah, ka zaɓa mini.