Ƙorafi Kan Tokar Batir da Aka Raba wa Manoman Gidan Ɗanliti da Sunan Taki

Daga: Muhammadu Sani,
Magatakardan Ƙungiyar Manoman Gero da Gyaɗa,
Ƙauyen Gidan Ɗanliti, Ungogo, Jihar Kano.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Ofishin Sa Ido Kan Hayaƙi da Dattin Masana'antu,
Shiyyar Arewa, Kano.

Litinin, 20 ga Mayu, 2024.

Game da: Rumbun Malam Umara Mala da jami'inku ya sa aka rufe tun watan Nuwamba, da sakamakon gwajin da har yau ba a ba mu ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan alheri, ina rubuta wannan takarda a madadin Malam Umara Mala, manomi mai shekara sittin da uku, wanda bai yi karatun boko ba, sai dai ya san alƙawari idan an yi masa. Wannan ce takarda ta uku. Biyun farko na ga an buga musu hatimi a gabana, don haka na tabbata suna nan cikin ƙoshin lafiya a wani lungu na ofishinku.

1. A shekarar 2021 Kamfanin Dalma na Hasken Gobe ya kafa masana'antar narkar da tsofaffin batira a gabas da garinmu. An shaida mana cewa wasu daga cikin batiran ta jirgin ruwa ake kawo su daga ƙasashen da suka ci gaba, waɗanda ba sa so a ƙona su a can saboda suna tausayin iskarsu da tekunsu. Mun gode da wannan girmamawa da aka yi mana. Tun daga lokacin, kullum bayan la'asar hayaƙi mai ɗaci yake sauka a kan barkono da kuɓewar da mata suka shanya, liman kuma sai ya tsaya ya yi tari kafin ya kai ƙarshen Fatiha.

2. Mai Girma Darakta ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa ƙasarmu ba ta hutawa. Gona tana jikin gona, babu saura, babu daji. Da taki muke riƙe ta. Tun zamanin kakanni, da rani mutanenmu kan shiga birni da jakuna su kwaso toka da sharar bola a mangala su zuba a gona, kuma duk wanda ya ba manomi toka, alheri ya yi masa. A watan Maris na 2023, lokacin da takin zamani ya gagari talaka, manajan kamfanin ya aika wa mai unguwa cewa akwai toka tuli a bayan katanga, kyauta ce, har tifa za su bayar. Manajan ya san abin da ke cikinta, domin ma'aikatansa da takunkumi da safar hannu suke kwasarta. Malam Umara da hannunsa ya watsa tifa biyu a gonarsa ta gado, ya kuma je har bakin ƙofar kamfanin ya yi godiya, ya sa wa manajan albarka. Wannan godiyar ce ta fi ƙona masa rai a yau.

3. Damina ta makara, amma geron ya yi. Malam Umara ya ɗaure dami sittin. A ranar da ya kai su gida ya fitar da zakka dami shida, ya raba wa gidaje shida marasa ƙarfi. Bayan mako uku tumakin maƙwabcinsa Sabo, waɗanda suka yi kiwo a gonar bayan girbi, suka fara tangaɗi suna karo da bango. Huɗu suka mutu. A nan ne muka rubuto takarda ta farko.

4. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, jami'inku ya iso. Ya fara biyawa ta kamfanin, inda ya yi awa biyu da rabi, muna zaune a rana muna kallon motarsa. Mu kuma ya ba mu minti goma sha biyu. Na duba agogo. An kawo masa ruwan maraba ya ƙi karɓa, kuma ban ga laifinsa ba, sai dai ruwan da ya ƙyamata shi muke sha. Ya sa zangarniyar gero uku a leda, ya ɗebi ƙasa a gwangwanin madara. Ya umarci Malam Umara da kada ya ci geron, kada ya sayar, kada ya ba dabba, har sai sakamako ya fito nan da mako biyu. Malam Umara ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun a gabansa.

5. Mako biyun nan yanzu sun haura wata shida. Ranar 9 ga Janairu mun zo, aka ce injin gwaji ba shi da wuta. Ranar 5 ga Maris aka ce mai riƙe da makullin ɗakin gwajin ya tafi taron ƙara wa juna sani kan sauyin yanayi. Muna masa fatan ya ƙaru. Ranar 23 ga Afrilu wani matashi mai ƙamshin turare ya tambaye mu wace leda muke nufi. A bangon bayansa akwai hoton teku da kifaye, an rubuta a kiyaye muhalli. Malam Umara ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya nemi a nuna masa famfo ya yi alwala.

6. Ina so Mai Girma Darakta ya san abin da biyayya ta jawo wa wannan bawan Allah. Gidansa mutum tara ne, har da jikoki huɗu marayu. Sun yi azumin bana suna buɗa baki da kunun dusa, alhali abincin shekara yana tsakar gida, taku goma daga murhu. Ya sayar da jakinsa, ya sayar da akuyar matarsa Malama Falta. Mutanen gari sun yi ta yi masa dariya cewa yana gadin rumbu don wani mai mota da ya manta sunansa. Amsarsa ita ce hukuma ta ce a jira. Gidaje shidan da ya kai wa zakka kuwa sun cinye tun kafin sanyi ya shigo, kuma har yau sauya hanya yake yi don kada ya haɗu da masu gidajen. Yana jin kunya, yana jin tsoro, bai san ko sadaka ya ba su ko cuta ba.

7. Ranar Juma'ar da ta gabata, 17 ga Mayu, yana masallaci, Malama Falta ta ɗauki fartanya ta fasa bakin rumbun. Kwana biyu ke nan ba a ɗora tukunya a gidan ba. Ta sussuke, ta surfa, ta yi tuwo, yaran suka ci har suka yi barci a kan tabarma da rana tsaka. Da ya dawo bai yi mata faɗa ba. Ta shaida masa cewa yunwa dai ta san abin da take yi wa yaro, gubar kuwa ofishinku bai ce komai ba tukuna. Shi kaɗai ne bai ci ba, har yau da nake wannan rubutu.

Saboda haka muna roƙo cikin ladabi a dakatar da hayaƙin kamfanin, a kwashe ragowar tokar daga bayan katanga, a kuma bi sauran gonaki goma sha ɗaya da aka zuba musu ita. Game da ledar da ta ɓata, kada ma'aikatanku su wahalar da kansu wajen nema. Abin da za a gwada yanzu yana cikin jikin yara huɗu, babbarsu Asiya shekararta tara, ƙaraminsu ba a daɗe da yaye shi ba. A turo likita ya ɗebi jininsu da na mutanen gidaje shidan nan a cikin wannan makon, kuma a wannan karon muna roƙon a rubuta suna a jikin kwalba.

Allah ya ja zamanin Mai Girma Darakta, ya ba shi ikon buɗe takardar da ta zo teburinsa.

Naku cikin girmamawa,

Muhammadu Sani,
Magatakarda.

Dangwalen yatsan mai ƙorafi: Malam Umara Mala.