Baƙo na so in miƙa masa makullin manhajata

Anti, don Allah ki cece ni, kaina ya kulle.

Tun ina ɗaliba na rubuta wata 'yar manhaja mai matse hotuna don su rage cin wuri a kwamfuta, na sa a intanet kyauta. Irinta muke kira laburare, wato wadda wasu manhajoji ke jingina da ita su yi aiki. Wasa-wasa sai masu haɗa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta suka ɗauke ta. Yanzu tana cikin kwamfutocin asibitoci da makarantun da ban taɓa takawa ba, kuma duk gyaran da na tura haka yake shiga cikinsu. Makullin tura gyaran, wato lambar sirrin da ke ba da izini, ni kaɗai ke da shi, a kwamfutar da ke kan teburin cin abincinmu.

Anti, na gaji. Ina shayar da jariri ina amsa ƙorafin mutanen da ko sannu ba sa yi min. Akwai wani da ban san fuskarsa ba, Mai Tabarau yake kiran kansa, ya daɗe yana turo gyara mai kyau, ga ladabi. Shi ya ce in ba shi makullin in huta. Maigidana ya ce in ba shi kawai, ai ba ni na haifi duniya ba. Yayana kuwa, da sana'armu ɗaya, ya ce ta haka ake cutar jama'a: mutum ya yi ta kirki har a yarda da shi, ran da ya sami makulli ya cusa mugun abu, ya bazu ko'ina da sunana. Suka yi ta musu har shayi ya huce, ba wanda ya tambaye ni ko na rintsa. Ina tsoron zargin mutumin kirki, ina tsoron cin amanar jama'a.

Mai Ɗauke da Kayan Wasu

Ƙanwata, sannu, kuma na gode miki a madadin waɗanda ba su gode ba.

Maigidanki ya yi gaskiya, lafiyarki ba ta jama'a ba ce. Yayanki ma bai yi ƙarya ba, sai dai ya iya hango rami bai iya riƙe hannu ba. Tunda ya san aikin, ya zauna ya taya ki duba gyare-gyaren.

Kada ki ba mutum ɗaya makulli, ko waliyyi ne. Ki sa doka: ba gyaran da zai wuce sai wani na biyu ya duba. Idan Mai Tabarau na kirki ne, daɗi zai ji. Idan ya fara fushi da gaggawa, ya ba ki amsa da kansa.

Sannan ki rubuta wa masu babbar manhajar a fili cewa kin kusa ajiye aikin, su kawo mutanensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma su suka zaɓi jingina da ke. Idan suka yi shiru, ki sanar da kowa cewa laburaren ba mai kula da shi, ki janye hannunki ba tare da jin nauyi ba. Gara su san ƙofar ba mai gadi, da su saki jiki suna zaton kina tsaye.

Allah ya huta gajiya, ya ba ki masu kama miki.