Ƙaramar Cajar da Na Saya wa Motar Lhagwa

Litinin, 4 ga Disamba

To, ya fara ɗauka? Jan ɗigon ya kunnu, ya fara ke nan. Ban iya rubutu ba, shi ya sa nake faɗa wa waya.

Motar ta ƙi tashi. Na murɗa makulli, ta yi ƙar-ƙar sau biyu, sai shiru. Tun da mijina Lhagwa ya tafi aiki Koriya nake kunna ta duk bayan kwana uku, yadda ya ce. Ban iya tuƙi ba, kunnawa kawai.

'Yata Misheel sai tari take. Shekararta biyu, ƙirjinta kamar ana goga ƙarfe. Hayaƙin gawayi ya rufe unguwa, ko shingen maƙwabta ba a gani. Likita ta ce ranar da na ga leɓenta ya yi shuɗi kar in jira kowa. Motar asibiti kuwa, bara awa biyu ta yi tana neman layinmu a kan tudun nan. Yaron da ta zo ɗauka an riga an lulluɓe shi.

Laraba, 6 ga Disamba

Maƙwabciyata Inna Tsermaa ta leƙo. Shekara ashirin ta yi tana jan bas a nan Ulambato, babban birnin Mongoliya.

"Ke 'yar nan, kunna mota a tsaye ai tatsa ce, ba ciyarwa ba. Kin tatse batir, sanyi ya ƙarasa shi."

Ta ce duk sa'ad da na buga mata ƙofa za ta kai mu asibiti. "Amma ki sa ta tashi. Ni ba raƙuma ba ce da zan ja ta."

Alhamis, 7 ga Disamba

Wan Lhagwa, Yaya Ochir, ya zo da wata caja ƙatuwa kamar akwati. Na ce, Yaya, batirin fa ya daskare, ko mu shigar da shi ɗaki ya sake tukuna? Ya ce, "Ƙanwata, je ki dafa shayi."

Ban gama zuba madara ba na ji fas! Batirin ya kumbura ya tsage, ruwansa ya ci ƙanƙarar ƙasa, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da Misheel na kusa...

Ya sha shayinsa, ya ce dama tsoho ne, ya tafi.

Juma'a, 8 ga Disamba

Ba mota. Misheel ta yi amai sau uku. Ina ta duba bakinta.

Asabar, 9 ga Disamba

Na sayar da 'yan kunnen azurfar mahaifiyata. Na bar wa Inna Tsermaa yarinya, na je kasuwar kayan mota. Batir bai ba ni wuya ba, na nuna hoton tsohon. Cajar ce.

Mai shago ya ajiye min biyu. Ɗaya babba mai allurar awo kamar ta agogo, ɗaya kamar tafin hannuna. Ya ce in karanta kwali. Na tsaya ina kallon kwalin. Ya gane.

"Au, 'yar makiyaya ce! Ɗauki babbar, awa ɗaya ta cika shi fal. Maza ita suke saya."

Na ce, "Yaya, ƙaramar fa?"

"Wannan? Ɗigo-ɗigo take ba shi. In ya ƙoshi ta tsaya da kanta, in ya rage ta ƙara. Ta masu ajiye mota ce wata da watanni. Ga tsada, ga nawa."

Ni ban san wuta ba, amma na san ɗan rago da sanyi ya kayar. Ka ɗura masa madara da yawa, kafin yamma ya mutu. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, a cikin riga. Na ce ƙaramar.

Ya yi dariya. "Da kuɗinki. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Launi dai kin iya ko?"

Lahadi, 10 ga Disamba

Lhagwa ya kira. "Abin wasan yara kika saya? Me ya hana ki tambayi Ochir?" Sai da zai kashe ya tambayi 'yarsa.

Na ja igiyar wuta daga ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa, na lulluɓe kan motar da bargon ulu. Fitilar cajar ja ce.

Talata, 12 ga Disamba

Ta koma kore. Sau goma na fita dubawa. Surukata ta zo ta yayyafa wa tayoyi madara, ta ce wannan ya fi caja.

Laraba, 20 ga Disamba

Inna Tsermaa ta zame a bakin famfon unguwa, hannun dama ya karye. An ɗaure shi da siminti har gwiwa.

Ga mota, ba direba.

Asabar, 23 ga Disamba

Daga asibiti nake magana.

Jiya da hantsi ne. Leɓen Misheel ya yi shuɗi, ba kukan ma. Na ruga. Inna Tsermaa ta rungumi yarinyar da hannu ɗaya, ta zauna a gefe, ta ce, "Shiga."

Na ce, Inna, ban iya ba.

"Uwarki ce za ta tuƙa? Cire wayar cajar nan ki murɗa makulli!"

Murɗa ɗaya ta tashi. Ɗaya.

Gangaren nan duk santsi. "Kar ki danne birki, 'yar banza, lallaɓa shi! Hagu! Ɗayan hagun!" Na goge shingen wani, madubi ya ɓalle. Ban tsaya ba.

An sa mata robar iska a hanci. Likita ta ce huhu biyun ne. Ta ce mu gani. Ban san me mu gani yake nufi ba.

Alhamis, 4 ga Janairu

Mun dawo. Ta rame, tarin bai tafi ba. Sun ce kafin sanyi ya wuce zai iya sake tashi, wataƙila ya fi wannan.

Lhagwa ya ji labarin madubi wajen Ochir. Ya tambaya wa ya tuƙa. Na ce mun dai isa.

Na mayar da caja, fitila kore. Kujerar direba har yanzu tana gaba inda na jawo ta don ƙafata ta kai. Ochir ya ce a mayar da ita yadda mai mota ya bar ta. Na ce to.

Ban mayar ba tukuna.