Kududdufin da Kawuna Ya Cike

Assalamu alaikum Inna Huraira. Don girman Allah ki ba ni shawara, kuma da wuri, domin hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ni kuwa kaina ya kulle. Ki sakaya sunana. Mata masu aikin jarida ba mu da yawa a garin nan, wanda ya san ni zai gane, amma dai ki sakaya.

A Gyadi-Gyadi aka haife ni, a nan kuma nake aure. Na fara aiki a zamanin soja, lokacin da mai rubuta siyasa yake kwana da takalminsa a ƙafa. Editanmu na lokacin ya ce tunda ni mace ce, in riƙe ɓangaren ruwa da muhalli, wai shi ne filin da ba ya jawo tsiya. Na karɓa ina ƙunƙuni, sai ga shi aikin ya shiga raina. Na je ƙauyukan da rairayi ke cinye musu gonaki. Na bi 'yan garuwa daga bakin rijiya har lungunan da famfonsu ya manta kamannin ruwa. Na zauna da tsofaffin manoma da suka ce damina ta daina zuwa a kan lokacinta, in kuma ta zo sai ta juye ruwan wata guda a yini ɗaya. Da sojoji suka koma bariki na yi murna, na ce yanzu bakinmu ya buɗe. Ashe ban san inda za a ɗaure nawa ba.

A bayan layinmu, ta wajen Tarauni, akwai wani tsohon kududdufi. Ba zan yabe shi ba, Inna, shara ce da sauro da kukan kwaɗi. Amma duk ruwan saman unguwar nan can yake gangarawa tun kafin a haife ni. Bayan dawowar farar hula sai tifofi suka fara juye masa baraguzai da ƙasa, aka yanka filaye, gidaje da shaguna suka tashi. Bara da aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya rasa inda zai nufa, ya komo cikin gidajenmu. Ya cika masai, ya tumbatso, ya kwarara cikin rijiyoyi. Ba a jima ba amai da gudawa ya ɓarke.

Mijina Junaid ma'aikacin jinya ne a asibitin koyarwa. A kwanakin nan in ya dawo, tuwo ma ba ya iya kallo. Maƙwabciyata Ladi tana da 'ya ɗaya tilo, Mufida, ba a daɗe da yaye ta ba. Da cutar ta kama ta, ni na riƙe yarinyar a cikin tasi. Kafin mu kai ƙofar asibiti na ji jikinta ya saki a cinyata. Ban faɗa wa Ladi ba har muka shiga, na bari ma'aikata suka faɗa mata.

Na rubuta labarin, na ce wasu dillalan filaye ne suka cike kududdufin, don a lokacin iyakar abin da na sani ke nan. Da na ci gaba da bin waɗanda suka sayi filayen, kowa sai ya ce a hannun yaran Alhaji Garzali ya saya. Inna, Alhaji Garzali kawuna ne, yayan mahaifiyata ciki ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu shi ya kwashe mu, shi ya tsaya min har na gama karatu lokacin da dangi ke cewa ya isa haka, shi ne waliyyina ranar aure. Yau haka mahaifiyata a gidansa take zaune a Daurawa. Kuma ba mugun mutum ba ne a idon jama'a, ƙofar gidansa ba ta rabo da masu karɓar abinci.

Na je na durƙusa a gabansa na faɗa masa duk abin da na gani. Ya saurare ni har na gama. Ya ce kududdufin nan yara nawa ya ci kafin a cike shi, me ya sa ban rubuta wannan ba? Ya ce mutane na neman wurin sa haƙarƙari, ruwa na Allah ne, ajali kuma ba ya wuce lokacinsa. Daga ƙarshe ya ce ashe karatun da ya tsaya min na yi, a kansa zan fara gwada kaifinsa. Na fito ina kuka. Yanzu ga shi tifofinsa sun koma kan wani kududdufin ta wajen Ƙauyen Alu, kuma yana shirin tsayawa takara.

Sabon editanmu ya matsa in fito da suna. Bai san dangantakarmu ba. Ina kuma zargin ba tausayin yara ne ya dame shi ba, domin mai jaridar yana tare da abokin hamayyar kawuna. Mahaifiyata ta kira ni ɗakinta, ta ce in har sunan yayanta ya fito daga alƙalamina, kada in ƙara taka ƙofarta, kuma ba ta yafe min nonon da na sha ba. Tun da nake ban taɓa jin ta yi wa wani baki ba. Junaid bai tilasta min komai ba, cewa kawai ya yi duk abin da na yanke, in damina ta faɗi shi ne zai karɓi yaran da suka kamu a bakin ƙofar asibiti. Ladi kuwa ba ta san abin da na gano ba. Kullum sai ta gaishe ni ta katanga, ta tambayi aiki, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Wani lokaci sai in ji gara in ajiye aikin in koma koyarwa, kowa ya huta. Shekarun da na yi ina rubutu a kan ruwa, rijiya nawa na gyara? To in na yi shiru aka sake binne wani yaro fa? In kuma na rubuta, na rasa uwa, ina zan sa kaina? Ki faɗa min gaskiya ko da ɗaci.

Taki,
Mai Neman Mafita, Gyadi-Gyadi

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya sa Mufida mai ceto ce, Ya ba Ladi dangana, ke ma Ya sanyaya miki zuciya.

Maganar ajiye aiki ki cire ta. In kin koma aji, tifofin ba za su tsaya ba, kuma abin da kika sani zai bi ki har can.

Kawunki bai yi ƙarya a komai ba. Kududdufi yana cin yara, mutane na bukatar muhalli, kuma ba shi kaɗai ke wannan sana'a a Kano ba. Amma wanda ya toshe wa ruwa hanya bai buɗe masa wata ba, ba zai fake da ajali ba. Na farko a ce bai sani ba. Na biyu fa, bayan kin je kin faɗa masa? Mahaifiyarki kuma ki yi mata uzuri. Mace ce da ke zaune a inuwar yayanta, tsoro ne ya yi magana da bakinta. Biyayyar iyaye wajibi ce, sai dai ba ta kai a rufe abin da ke kashe 'ya'yan mutane ba. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ki kuma roƙe shi ya je ya zauna da ita.

Sai dai ba ke ya kamata ki rubuta sunan nan ba. In kin rubuta a ce rikicin gida ne, in kin ɓoye a ce kin rufa wa naki asiri. Ki je ki faɗa wa editanki cewa mutumin kawunki ne. Ki miƙa abin da kika tattara ga abokin aikin da kika san ba a sayensa, a ji ta bakin Alhaji, a kuma bi duk masu cike kududdufai ko na wace jam'iyya ne. In editan ya ce sunan mutum ɗaya kawai yake so, kin gane abin da yake nema, kada ki zama sandar dukansa. Kada kuma ki ruɗi kanki: ko ta hannun wa sunan ya fito, gida za su ce ke ce.

Don haka kafin a buga komai, ki koma wurin kawunki, amma ba ke kaɗai ba. Ki tafi da Junaid ya faɗi abin da idonsa ya gani, da mai unguwa, da dattijon da Alhaji ke jin nauyinsa. Bukatarku a bayyane take: a tsayar da tifofi, a haƙa magudanar ruwa a inda aka riga aka gina. Ki gaya masa da bakinki cewa labari zai fito, kada ya tsince shi a bakin titi. Mai neman ƙuri'a yakan ji abin da kawu ba ya ji.

Ke kuma ki rubuta abin da zai tsare rai a wannan daminar: a ɗaga bakin rijiya a rufe ta, a tafasa ruwan sha, a fara ba yaro ruwan gishiri da sukari tun a gida, a garzaya asibiti ba sai ya galabaita ba. Ku gyara ɗaki a gidanku ko mahaifiyarki za ta buƙace shi. In ta rufe miki ƙofa, ki riƙa zuwa kina gaishe ta daga waje, kada ki gaji. Sannan ki shiga gidan Ladi ki zauna, ki faɗa mata abin da kika gano. Haƙƙinta ne ta sani.

Ba zan ce miki za ki fita ba tabo ba. Mai yiwuwa ki rasa kawunki, fushin uwa kuma ya daɗe. Amma mai fushi yana hucewa, wanda aka binne ba ya dawowa. Ki yi istihara, ki tashi ki fara tun ruwa bai sauko ba. Allah Ya yi miki jagora, Ya tausasa zuciyar mahaifiyarki, Ya ba mu damina mai albarka ba mai ɗaukar 'ya'yanmu ba.

Inna Huraira