Harafin da Gumin Labbo Ya Cinye

Ofishin Gona,
Argungu, Jihar Sakkwato.
9 ga Agusta, 1983.

Zuwa ga Ma'u, farin watan Birnin Kebbi, sanyin fadama bayan ruwan fari, shinkafar da tsuntsu bai taɓa ba, sarauniyar ɗaliban kwalejin horon malamai mata. Gaisuwa mai yawa, da begen da ya fi kogin garin nan cika a wannan damina.

Bayan haka, ya abar ƙaunata, takardarki ta iso, amma ba duka ta iso ba. Labbo direba da kika ba wa ita ya cusa ta cikin hula don tsaro, motarsa ta kafe a laka, ya sauka ya yi ta turi. Ko da ya miƙo mini ita, ta jiƙe sharkaf. Kalma uku kacal kika rubuta, da Turanci. Na ga I, na ga you. Ta tsakiyar kuwa, wadda ita ce ran maganar, saura l a gaba da ve a baya. Abin da ke tsakaninsu gumi ya mayar da shi shuɗin tabo. Da na taso masa da faɗa, sai ya ce mini, "Malam, ai harahi guda na yaɓ ɓace, cika abinka."

Harafi guda! Ke kin san abin da ke rataye a wuyan harafin nan. Sakkwato sun ba ni ƙarin girma da sabon babur, in koma Ƙauran Namoda, suna jiran sa hannuna. Na rubuto miki cewa in kina so na, ba inda za ni, in kuwa ba kya so, in ɗaure kayana. Amsar ke nan Labbo ya jiƙa.

Kwana uku ke nan ni da ƙamus, hasken idona, manoma na zuwa tambayar taki ina sallamarsu. In o ce ta nutse, love ke nan, so, na warke. In e da a ne, leave ke nan, rabuwa, na shiga uku. Ƙamus ya ce leave ɗin tana nufin hutun ma'aikaci ma, amma wace budurwa ce ke ba saurayi hutu ya dawo ya tarar da kujerarsa? In i ce, live, zama ko rayuwa. Har lave na tono, wai wankewa, na ce Allah ya kiyaye, wanke ni za ki yi kamar tukunya? Da na ga tabon ya ɗan lashi gaban l ɗin, sai na faɗa dangin da ke da ƙarin harafi: glove safar hannu, clove kanumfari, olive zaitun. Kayan kasuwa ne waɗannan, ba na zuciya ba. Slave kaɗai na tsaya a kai, wato bawa, don wannan kam ni ne, ba sai an rubuta ba. Wane irin harshe ne wannan da so da rabuwa ke kwana ɗaki ɗaya, suna aron rigar juna?

Na kai wa masana. Bayo mai shagon magani ya ɗaga takardar ya haska ta da rana, ya ce shi live ya gani, wataƙila dai Turancinki ne bai nuna ba. Na kusa kifar masa da kwalabe. Malam Dikko hedimasta ya ɗauko rula ya auna gurbin, ya cire tabarau, ya ce mini in yi haƙuri, wurin ya ishi haruffa biyu zama har su miƙe ƙafa. Na ce masa bai san rubutunki ba, ke o ɗinki ƙatuwa ce kamar ƙosan Uwa mai tuya a tasha. Bai yi dariya ba, na naɗe takardata na fito.

Laifina ne, kuma na sani. Kin tuna ranar Juma'ar nan a zauren kawunki, kina ɓare gyaɗa kina zuba mini a tafin hannu? Ni ne na gyara wuyan riga na ce Hausa ta yi wa soyayyata kaɗan, daga yau sai Turanci tsakaninmu. Na dafe ƙirji zan ce zuciyata ta cika, full, bakina ya ja ta ta koma fool, kika ce ai kin daɗe da sanin ni wawa ne, amma kin ji daɗi da na faɗa da kaina. Kika yi ta dariya har gyaɗa ta zube. Wallahi wannan dariyar nake ji in na rufe ido, kuma tsoro nake kada ta zama ita ce ta ƙarshe da zan ji.

To, ga abin da na yi, tauraruwata. Motar ofis ta tashi zuwa Sakkwato yau da hantsi, ba su jira ƙamus ba. Na mayar musu da takardarsu ba sa hannu. Girman ya tafi, babur ya tafi, shugabana ya ce in je a duba kaina. Ni na cika gurbin da o, da hannuna, ba da izininki ba. In na yi daidai, ki aiko mini da ita, guda ɗaya, ƙatuwa, ta cika shafi. In kuwa Malam Dikko ne ya yi daidai, kada ki rubuta komai. Zan zo zauren kawunki ki faɗa mini da Hausa, in ji da kunnena, don ita ba zan iya yi mata wata fassara ba.

Naki a kan ko wane harafi, har ranar da za a kai ni makwancina,
Kalilu malamin gona.