Buroshi Mara Mariƙi

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tela ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Saƙonki ya iso. Ina zaton takalmi ne, sai ga buroshi. Auta, ni da na share miki majina da hannuna, yau ni ake aiko wa abin kankare dauɗa? Tela ya karanta mini takardar ciki: wai a goge jiki a bushe kafin wanka, daga ƙafa a yi sama wajen zuciya, wai yana kwashe matacciyar fata, ya kori ruwan da ke kwanciya a jiki. Fatata ba ta mutu ba. Ni ma ban mutu ba, ko da yake mutumin ɗakin can, wato Baffanki, zai so haka.

Na gwada don kada ki ji haushi. Ƙaiƙayin ƙwauri ya ragu, amma dama ya yi niyyar raguwa. Bayana ne hannu ba ya kaiwa. An cuce ki, abin ba shi da mariƙi.

Ki gaida yara. Ni ne mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ba a cuce ni ba, haka na saya, kuma na aika wa Baffa irinsa.

Na ji labarin ranar da ka zame a banɗaki, ka wuni a ƙasa, ƙanenka yana tsakar gida ka ƙi kiransa. Duk a kan hula, Baba. Ga maganata: ko dai a samu mai ganinka kowace safiya, ko ƙarshen wata in zo da mota. Na gyara maka ɗaki a gidana, a hawa na uku.

Allah ya ƙara maka lafiya. 'Yarka Auta.

*

Auta,

Ina amsa gaisuwa, amma ba da daɗin rai ba.

Kin ce "hula" kamar abin wasa. Ya ari hulata, ya buɗa ta da ƙaton kansa, sannan ya ce a gaban mutane wai kaina ne ya ƙanƙance. Kuma ba zamewa na yi ba, hutawa nake. Hawa na uku kuwa, ni ba tantabara ba ne.

Na ɗaure buroshin a sandar tsintsiya, ya kwance. Na kafe shi da ƙusa a jikin ƙofa ina goga baya kamar akuya, ƙofar ta ɓalle.

Shekaranjiya ina kan benci sai ga Baffanki da nasa buroshin. Ko sallama bai yi ba. Ya zauna, ya ɗage riga, ya juya mini baya. Auta, bayan da na daɗe ina nema ne Allah ya kawo mini har gida. Na dage na kankare shi har gumi ya keto mini. Ya ce, "Takarda ta ce a hankali." Na ce, "Ni ban iya karatu ba."

Abin da na manta shi ne juyi zai zo kaina. Tela yana dariya, na ce ya rubuta haka nan. Baffan nan naki mugu ne tun yana goye. Ya kankare ni, na cije. Ya ce, "Bayanka kamar tsohuwar tabarma." Na ce, "Naka fa, ko jaki ya fi shi sheƙi." Muka tashi kowa yana tafiya a karkace. Jiya muka sake, don ban gama ramawa ba.

Kada ki ɗauka mun shirya.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. A rage ƙarfi don Allah, kuma a shafa mai bayan wanka. Maganar mota tana nan.

Auta.

*

Auta,

Muna lafiya. Ki bar motarki inda take.

Yau na makara ban fito benci ba. Sai ji na yi ana dukan taga kamar za a fasa ta, ana kiran "Yaya, Yaya." Na leƙo, ga shi ba ko takalmi, yana haki. Da ya gan ni tsaye sai ya haɗe rai, ya ce kazarsa yake nema.

Ba mu da kaza a gidan nan.

Na ce ya shigo ya duba ƙarƙashin gado.

Allah ya yi miki albarka. Mahaifinki.